Shekarar da Yaran Ruga Suka Bar Ajina

Bilkisu, ranar da kika kawo mini ɗanki yana kuka a kan aikin makaranta, kin tambaye ni me ya sa ba ki taɓa ganin na ɗaga wa yaro hannu a kan karatu ba, alhali malaman zamaninmu da bulala aka san su. Na ce miki halina ne. Ƙarya na yi miki, kunya ce ta hana ni faɗin gaskiya a gaban jikana. Na daki yara, na kuma yi abin da ya fi duka muni. Yanzu da na yi ritaya, idona kuma bai gama dushewa ba, gara in rubuta muku yadda abin ya faru, ke da Abba da ƙannenku, kada ku riƙa yabona a kan abin da ba a haife ni da shi ba.

A lokacin ina koyarwa a wata makarantar firamare a wani ƙauye tsakanin Baure da Zango. A Baure muke zaune, ni da mahaifiyarku da kakarku Inna, Abba yana goye. Kullum da safe in hau tsohon babur ɗina in bi hanyar yashi, in dawo bayan azahar. Ni ke koyar da Turanci a aji biyar, ba don na fi kowa iyawa ba, sai don sauran malaman sun fi ni gudunsa. Iyakar karatuna kwalejin horon malamai, Turancin da na fito da shi kuwa na hadda ne. Abin da ke cikin littafi na sani, in aka kauce daga littafi sai in fara gumi. Na ɓoye wannan da ɗaure fuska da ƙarfin murya, har yara suka ɗauka babu wanda ya kai ni Turanci a duk ƙasar Daura, ni ma na kusa yarda.

Darasin da na fi taƙama da shi shi ne na mallaka, wato yadda Bature yake nuna cewa abu kaza na wane ne. A Hausa abin da aka mallaka ke zuwa gaba, mai shi ya biyo baya, mu ce littafin Audu. Bature kuwa mai abu yake fara ambata, ya rataya masa ɗan waƙafi a sama tare da harafin s, sannan ya kawo abin: Audu's book. Wannan waƙafin na sama ƙugiya nake ce masa, ina gaya wa yara da ita mai abu yake jawo kayansa zuwa jikinsa. In masu abin suna da yawa, kalmar kuma ta riga ta ƙare da s, ƙugiyar kaɗai ake sa wa a ƙarshe, kamar the boys' books. Yara sun fi shan wuya wajen juya maganar, domin bakinsu ya saba da Hausa, sai ka ji an ce book Audu. Don haka na ƙirƙiro wata dabara tawa. Sai in sa kowa ya kawo abu ɗaya nasa ya ajiye a kan teburina, wannan biro, wancan hula, wata ɗankunne, har da mai kawo takalmi ƙafa ɗaya. In ɗaga abu in ce whose is this, in nuna wani yaro, shi kuma ya ambaci sunan mai shi ya rataya masa ƙugiya. Dabarar tana aiki, yara suna sonta, hedimastanmu Malam Lawal har yakan tsaya a taga yana kallo.

A makarantar akwai yara tara daga wata rugar Fulani da ke arewacin ƙauyen, tafiyar kamar rabin awa a ƙafa. Sai da aka yi shekara ana lallashin iyayensu kafin su yarda su bar su zuwa. Huɗu suna ajina. Wanda ya ɗauke su a rajista bai wahalar da kansa da tambayar sunayen iyayensu ba, duk ya rubuta musu Ruga a matsayin sunan uba: Sambo Ruga, Yero Ruga, Hassi Ruga, haka dai. Ni ma kullum haka nake kira, ban taɓa tsayawa na tambaya ba. Sambo shi ne babbansu, zai yi shekara goma sha biyu, siriri, ba ya magana sai an tambaye shi. Ban taɓa koyar da yaro mai kamun kai da saurin ɗauka kamarsa ba. In na faɗi abu sau ɗaya ya zauna. Sauran yaran rugar shi suke bi, in ya zo sun zo, in zazzaɓi ya kwantar da shi ranar ba ka ganin ko ɗaya.

Ana cikin yankan gero aka aiko cewa sufeto zai zo daga ofishin ilimi. Na yi kwana uku ina shiri, na zaɓi darasin mallaka don na san a nan ba za a kama ni ba. Da safe na cika allo da misalai da rubutuna mai kyau. Da sufeton ya iso sai ga shi mace ce, wata dattijuwa mai farin gilashi da sanyin murya. Ta zauna a bencin baya tana rubutu. Can ta taso ta zo kusa da ni, ta juya wa yara baya don kada su ji, ta sa yatsa a kan wani layi inda na rubuta the childrens' food. A hankali ta ce mini kalmar children ta riga ta zama jam'i tun kafin a sa mata s, saboda haka ƙugiya kafin s take zuwa, children's, haka ma men's da women's. Ta goge da yatsanta ta gyara, ta ce ba wani abu ba ne, malamai da yawa suna yin haka. Ta koma ta zauna. Shekara shida ina koyar da shi a karkace. Ta rufa mini asiri iyakar iyawarta, amma ni ji na yi kamar an tuɓe mini riga a kasuwa.

Sai na ce a raina bari in nuna mata abin da na iya fitarwa. Na ɗauki littafi daga kan tebur, na wani yaro ne ɗan ƙauyen mai suna Umaru, na ɗaga shi sama, na kira Sambo. Ya miƙe. Ya dubi littafin, ya dubi Umaru, ya sunkuyar da kai. Na sake tambaya. Sai ya nuna Umaru da hannu, ya ce da ƙaramar murya:

"It is his book, sir."

Sufeton ta gyaɗa kai ta ce daidai ne, wannan ma hanya ce ta nuna mallaka. Ni kuwa ba ita nake so ba. Na ce ya faɗi sunan ya sa ƙugiya. Ya yi shiru. Na ɗauki hular Garba, nan take ya ce Garba's cap. Na ɗauki ɗankunnen Saude, ya ce Saude's earring. Na koma kan littafin Umaru, ya sake yin shiru, idonsa a ƙasa. Mai hankali da ya tsaya a nan ya tambayi kansa dalili. Ni abin da na gani kawai shi ne yaro ya zaɓi ranar baƙuwa don ya kunyata ni.

Da motarta ta tashi ban ko bari ƙura ta kwanta ba. Na sa aka karyo mini tsumagiyar darbejiya, na sa Sambo ya durƙusa a gaban aji, na ce ba zai tashi ba sai ya faɗa. Na zuba masa a baya har tsumagiyar ta ragargaje. Bai yi kuka ba, bai kare da hannu ba, bai kuma faɗa ba. Da na ga duka ba ya ci, sai na juya ga aji na ce su koya masa tun da shi ya manta. Na sa suka riƙa rerawa da ƙarfi suna tafi: Umaru's book, Umaru's pen, Umaru's cap. Wani shaƙiyyi daga baya ya ƙara da Umaru's cow, aji ya fashe da dariya. Ban gane abin dariyar ba. Na ga dai jimlar daidai take, har na yaba masa, na ce a maimaita. Suka maimaita ta fi sau goma. Hassi, 'yar ƙanen mahaifin Sambo, ta ja ɗankwalinta ta rufe fuska tana kuka. Na ce ita ma in ba ta yi shiru ba za ta biyo shi.

Washegari babu yaron ruga ko ɗaya a makaranta, tun daga aji ɗaya har aji shida. Haka jibi, haka gata. Malam Lawal ya kira ni ofis ya tambaya ko na san dalili. Na ce ai kaka ta yi, wataƙila sun fara shirin tafiya kudu da shanu. Na san ba haka ba ne. Na san an riga an shirya cewa bana in garke ya tafi, yaran makaranta za su zauna da tsofaffi a rugar, Malam Lawal da kansa ya ƙulla wannan. Ya dube ni ya ce to, amma in sani shekara guda ya yi yana zarya kafin ya samu yaran nan, in suka bi shanu a wannan karon ba za su sake dawowa ba. Na fita ina gaya wa kaina cewa ni na yi aikina, mai son karatu ya zo. Mako biyu na yi a kan wannan taurin kai. Kullum in na kira rajista na zo kan Sambo Ruga sai in yi sauri in wuce.

A gida ne asirina ya tonu. Mahaifiyar Sambo ita ke kawo mana nono duk ranar kasuwar Baure, ita da Inna sun saba, sukan zauna a tsakar gida su yi ta hira, Inna tana ƙorafin an tsuga ruwa, ita tana rantsuwa da cewa saniyar ce ta sha da yawa. Kasuwa biyu ba ta shigo ba. Mahaifiyarku ta fara kawo mini fura da ruwa da 'yar tsamiya, in na yi magana ta ce in je in tambayi shanun. A kasuwa ta uku Inna ta ɗauki sandarta ta tafi kasuwar da kanta. Na dawo daga makaranta, na yi sallar la'asar, ina zaune a kan tabarma, sai ta shigo ba ta ko amsa sannu da zuwan da na yi mata ba. Ta zauna a kan turmi ta fuskance ni.

"Malam, tun da na haife ka, ka taɓa jin sunanka a bakina?"

Na ce a'a. Ni ne ɗanta na fari. Ina ƙarami wannan yaron take ce mini, da na fara aiki ta koma Malam, har ta rasu ban ji ta ce Isiyaku ba. Ta nuna Abba da ke rarrafe a bakin ɗaki ta ce shi wannan fa, me ya sa ba na kiransa da sunan da aka raɗa masa. Na ce don sunan mahaifina ne. Abba, kai ka san haka, har yau takardunka ne kawai suka san sunanka na yanka.

"To uban yaron da ka daka Umaru sunansa. Duk ƙauyen sun sani, shanunsa ke kwana a gonakinsu suna ba su taki. Kai kaɗai ne ba ka sani ba, mai Turanci."

Mahaifiyarku ta so ta sa baki, ta ce ai Malam bai sani ba ne, Inna. Inna ta ce ta yi mata shiru, rashin sanin ne laifin, yaro kullum a hannunsa bai san ɗan wa yake koya wa ba. Ta ce mu Hausawa ma muna jin nauyin sunan uba, balle Bafulatanin daji wanda ko sunan ya faɗo a kan wani mutum dabam sai ya kewaye shi. Ta ce matar ba ta yi mata ƙorafin duka ba ko kaɗan. Abin da ta faɗa shi ne yanzu in mijinta ya kai shanu rijiya, yaran ƙauye sai su bi shi suna tafi suna rera waƙar da malaminsu ya koya musu, da sunansa a ciki da saniya. Dattijo mai 'ya'ya goma sha ɗaya.

Ko a nan ban gama hankalta ba. Washegari bayan an tashi na hau babur na nufi rugar ni kaɗai, hannu rabbana. Na kutsa da babur har tsakiyar gida, maruƙa suka firgita suka tsinke igiya, mata suka bi su da gudu. Na tare wani ƙaramin yaro na ce ina Malam Umaru, yaron ya zaro ido ya ruga. Can mutumin ya fito daga bayan bukka, dogo, da malafa a rataye a wuya. Ya gaishe ni kamar na zo daga Makka, ya shimfiɗa mini tabarma, aka kawo madara mai ɗumi. Na sha, na buɗe baki na yi ta bayani a kan amfanin ilimi, da yadda Sambo zai iya zama likitan dabbobi, da yadda malami yake kamar uba. Haƙuri kuwa ban bayar ba, na dai ce an samu rashin fahimta. Duk abin da na faɗa sai ya ce ba komai, Malam, ba komai. Ya raka ni har inda babur yake. Ban ga Sambo ba. Na dawo gida da murna na ce wa Inna an gama, ya ce ba komai. Ta yi dariya har da tari. Ta ce in je in kira rajista gobe in ga ba komai ɗin. Gobe ta yi, gurbin yara huɗun babu kowa.

Inna ce ta ce in nemi Alhaji Modu. Dillalin shanu ne, Babarbare, gidansa na bayan namu, yana cin kasuwar Mai'adua da ta Zango, kuma shi ne mai masaukin mahaifin Sambo, duk dabbar da zai sayar ta hannunsa take bi. Kun san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani. Abin da ni in na faɗa za a yi rigima, shi in ya faɗa dariya za a yi. Na same shi a zaure na kwashe masa labari duka, har da kuskuren allo, wanda ban gaya wa kowa ba sai shi. Ya saurara yana tauna goro, ya ce zai je, amma da sharaɗi uku. Babur a bakin ƙauye za mu bar shi. Ba zan yi magana ba sai ya taɓa mini gwiwa. Kuma in sayi goro da babban dunƙulen kanwa na shanu, ni zan ɗauka da kaina. Na ce ko a samu wani ya ɗauko mana. Ya ce wanin ne ya daki Sambo?

Ranar Laraba da hantsi na nemi izini muka tafi. Na ɗora kanwa a ka a kan gammo, da rigata ta zuwa aiki, muka ratsa gonaki inda iyayen ɗalibaina suke ɗaure damman gero. Kowa ya miƙe yana kallo. Wani ya ce sannu Malam, an koma fataucin kanwa ne. Alhaji Modu yana gaba yana amsa gaisuwa kamar ba tare muke ba. Wuyana ya yi kwana uku yana ciwo, amma a kan hanyar nan na ji wani abu ya fara sauka daga ƙirjina.

Tun daga nesa Alhaji Modu ya fara. Ya ce ina bawan nan nasa da ya gudo daji da shanunsa, ya zo karɓar kayansa. Mahaifin Sambo ya fito yana murmushi, ya ce Babarbare da ko akuya bai gada ba yake maganar shanu, ya zauna a ba shi nono ya daina rawar yunwa. Suka yi ta yi har aka shimfiɗa tabarmi a gindin wani gawo. Na sauke kanwa, na cire takalmi, na zauna a gefe. Sai da aka sha nono aka tambayi lafiyar garke ɗaya bayan ɗaya, sannan Alhaji Modu ya ce ya ji labari wai an sa Bafulatani a cikin Turanci har ana rera shi a bakin rijiya, shi da ya fi shi asali ba a sa shi ba, ya zo ya ji ta wace hanya aka bi. Na ɗauka mutumin zai tashi. Sai ya yi 'yar dariya, ya daɗe yana zane ƙasa da sandarsa. Da ya buɗe baki da Alhaji Modu yake magana, ko kallona bai yi ba.

"Dukan bai dame ni ba, Alhaji. Ni ma ina dukansa in ya bar shanu sun shiga gona. Amma yaron nan abin da muka koya masa ya riƙe, aka dake shi don ya saki. In na mayar da shi, wanne zai riƙe, nawa ko na Malam?"

Alhaji Modu ya ce ga Malam nan, a tambaye shi. Sai a lokacin ya juyo.

"Malam, karatun nan ba ya yiwuwa sai da sunana?"

Na ji hannun Alhaji a gwiwata. Na ce yana yiwuwa da kowane suna, ko babu suna ma yana yiwuwa, kuma amsar da Sambo ya bayar tun farko daidai ce, baƙuwar da ta fi ni ilimi ta faɗa a gabana. Ya ce to me ya kawo duka. A nan ne na faɗi abin da ya kamata in faɗa tun zuwan farko. Na ce ni na yi kuskure a allo aka gyara mini, kunya ta kama ni, na sauke ta a bayan ɗansa. Na ce waƙar ni na sa, yara ba su da laifi, kuma ban san sunansa ba ne don ban taɓa damuwa in tambaya ba. Na ce ya yafe mini don Allah, in ma ba zai ba ni yaran ba ya ba wani malamin, zan roƙi a canza mini aji.

Bai ce ba komai ba a wannan karon. Ya kwance ƙunshin goron, ya ɗauki ɗaya ya ɓara, ya ba Alhaji Modu rabi, ya ci rabi. Sannan ya ce garke zai tashi bayan Juma'a. Ya ce ƙanensa bai jira ba, ya riga ya yi gaba tun kwana uku da nasa shanun da 'ya'yansa biyu, Yero da Hassi. Game da sauran bai ce uffan ba. Ya yi mana addu'ar sauka lafiya. A hanya na tambayi Alhaji Modu me ke nan. Ya ce ya ci goron, wannan alama ce mai kyau, amma shi shekara talatin yana ciniki da mutumin nan bai taɓa sanin farashin da ke ransa ba sai an tafa.

Ranar Alhamis na shiga ofishin Malam Lawal na gaya masa cewa ƙarya na yi masa da na ce sun yi shirin tafiya. Ya ce ya sani, daga tagar ofishinsa yake hango shanun kullum suna kiwo, yana jira ne ya ga kwana nawa zan ɗauka. Na ce in Allah ya sa suka dawo ina so in ba Sambo haƙuri a gaban aji, tun da a gaban aji na yi masa. Ya ce shi bai ba ni shawarar yin haka ba, malamin da ya durƙusa wa ɗalibi ya gama riƙe aji. Na ce na ji. Ranar na tara yaran ƙauye na ce duk wanda ya sake rera waƙar nan a rijiya ko a hanya, ni da ubansa za mu zauna. Asabar da safe wani mai kai gero Baure ya ce mini ya ga garken ya ɗau hanyar kudu. Na tambaye shi ko ya ga yara a ciki, ya ce ya ga yara, amma bai ƙirga ba. Asabar da Lahadi abinci bai yi mini daɗi ba.

Litinin na riga kowa zuwa. Aka yi layi, aka yi addu'a, aka shiga aji, babu su. Na kira rajista na sa musu alamar rashin zuwa. Na fara darasi ban san abin da nake faɗa ba. Can wajen ƙarfe tara Saude da ke zaune kusa da taga ta ce Malam ga su can. Na leƙa. Suna tafe a jere ta cikin karan gero da aka sassare, ƙananan a gaba, ba sa sauri. Na ƙirga su sau biyu, bakwai ne, Sambo a ƙarshe da littattafansa a cikin leda. Na koma na zauna a kan kujera, sai da na ji sallamarsu a bakin ƙofa sannan na tashi.

Da biyun da suka rage a ajina suka zauna, na ajiye alli na ce kowa ya saurara. Na ce ranar da baƙuwa ta zo Sambo ya ba da amsa daidai, ni ne na yi kuskure, dukan da na yi masa zalunci ne, ina roƙonsa ya yafe mini. Na kuma nuna musu inda na daɗe ina koya musu ba daidai ba a kan children's, na sa suka gyara a littattafansu. Babu wanda ya yi dariya. Sambo kuwa kunya ta kama shi fiye da ranar dukan, ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa benci. Ban matsa masa ya amsa ba, na koyi wannan dai. Na juya zan ci gaba da rubutu, sai na ji muryarsa a bayana.

"Malam, mako uku ba mu nan. A ina aka tsaya?"

Na ce inda suka bari, babu inda muka je. Gaskiya ce kuwa.

Yero da Hassi ba su dawo ba, a wannan shekarar ko bayanta. Na tambaya sau da yawa, aka ce ubansu ya zauna can kudu. Hassi ta fi kowa iya lissafi a ajin. Wannan yana wuyana, ku sa su a addu'a in kuna yi mini. Sauran bakwai duk sun gama aji shida. Ranar nan da suka dawo, da aka tashi na tsayar da su a bakin aji, na ɗauko rajista, na rasa yadda zan tambaye su sunayen iyayensu ba tare da na sa su faɗa ba. Sambo ya gane abin da nake nema. Ya karɓi birona, ya zauna a dakali, ya rubuta mini su ɗaya bayan ɗaya a bayan takarda, bakinsa a rufe, ya miƙo mini da hannu biyu.